Asabar ɗin Fayafayai a Samaru

Yau ce Asabar ta ƙarshen wata, ranar da muka saba haɗuwa a gidan Baba Injiniya da ke Samaru domin sauraron fayafayan kiɗa, kuma tun bayan sallar Asuba nake juya ƴan waɗanda nake da su, na rasa wanda zan ɗauka. Ƙa'idar zaman namu biyu ce: kowa ya zo da faifai ɗaya tak, sannan da zarar an ɗora allura ba wanda zai ce uffan sai gefe guda ya ƙare, wato kamar minti ashirin. A ƙarshe na ɗauki Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka naɗa a birnin New York a zama biyu, cikin Maris da Afrilun 1959. Na san za a ce na bi hanya mai sauƙi, tunda ba mai son jaz, wato kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, da bai san shi ba, amma shi raina ya so yau.

Na iso bayan La'asar na tarar da Baba a durƙushe gaban garmahonsa, yana fama da ƙurar hunturu. Yakan riƙe faifai ta gefe da tafin hannu biyu, kamar mai ɗauke da kwanon miya mai zafi, ya goge shi da wani tattausan ƙyalle yana bin zagayen layukan, sannan ya sunkuya ya hure kan allurar sau biyu. Yatsan kowa ba ya taɓa fuskar faifai a ɗakin nan.

Likita ne ya fara, da Band on the Run na Paul McCartney da ƙungiyarsa ta Wings. Ba na cikin masu mutuwar son wannan faifai, domin ina ganin zaƙinsa ya yi yawa, sai dai labarinsa yana jan hankali. A Legas aka naɗi mafi yawansa a 1973, a situdiyon kamfanin EMI da ke Apapa, bayan mutum biyu daga cikin ƙungiyar sun janye ana gab da tafiya, abin da ya sa McCartney ya koma buga ganguna da kansa. Likita ya ƙara da cewa ƴan fashi sun tare shi da dare sun ƙwace kaset ɗin gwajin waƙoƙin, kuma Fela Kuti ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka. Bayan gefen farko ya ƙare, Baba ya ce in dai sata aka zo yi to an koma hannu rabbana, don shi bai ji ƙamshin Legas ko kaɗan a ciki ba. Likita bai yi musu ba.

Malama, wadda ita kaɗai ce mace a cikinmu, ta kawo Blue na Joni Mitchell, na 1971. Ta roƙe mu mu kasa kunne ga wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake ɗorawa a kan cinya, wanda mawaƙiyar ke kaɗawa da kanta a wasu waƙoƙin. Abin da ya zo mini a rai shi ne marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Ban ce sautin ya yi kama ba, amma a wurin su biyun murya ce ke ɗauke da kayan, kiɗan kuwa rakiya kawai yake yi, shi ya sa mawaƙin ba shi da inda zai ɓuya idan maganarsa ba ta da nauyi. Na faɗi haka, Malama ta ce ta yarda da rabi.

Nawa faifan bai yi sa'a ba. Muna tsakiyar waƙa ta biyu aka ɗauke wuta, sautin ya ja kansa ƙasa kamar mai hamma, ya mutu. Kafin jikan Baba ya tayar da janareto an kira Magariba, muka tashi.

Bayan mun dawo daga masallaci ne Baba ya fito da nasa, kuma da na ga bangon kwalin da aka liƙe da salatif na gane cewa faifan ya daɗe a hannunsa. Eastern Sounds ne na Yusef Lateef, na 1961. Waƙar farko da wata ƴar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin ya busa ta, sauti mai kauri da taushi, maimaici kaɗan, babu gaggawa. Can gaba ya ɗauki obo, wadda ƴar'uwar algaita ce ta fuskar yadda ake hura ta, ya busa salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ake kira blues da ita. A nan ne na ji tsigar jikina ta tashi, domin kunnen da ya saba da algaitar ƙofar fada ranar hawan salla ba zai ji wannan busa a matsayin baƙuwa ba, ko da yake an rage mata kaifi an sa mata natsuwa.

Da gefen ya ƙare Baba ya ɗaga allurar, ya dube ni ya ce, "Malam, ka san mai wannan busa ya zauna a garin nan?" Na ce, "Baba, na taɓa ji, amma ban riƙe bayanin ba." Sai ya warware mana: an haifi mutumin da sunan William Huddleston, ya tashi a Detroit ta Amurka, ya musulunta a wajajen 1950, kuma daga 1981 zuwa 1985 ya yi aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya mai da hankali kan sarewar Fulani. Har faifai ya yi mai suna In Nigeria. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Baba ya ce a lokacin shi yana matashin ma'aikaci, yakan hango shi a harabar jami'a, amma kunya ta hana shi zuwa ya gaishe shi, kuma har yau abin yana ci masa rai.

Daga nan gardama ta ɓarke, saboda Malama ta tuna mana cewa Lateef ba ya son a kira kiɗansa jaz, yana ganin sunan bai dace da darajar abin ba. Likita ya ce suna linzami ne, in babu shi ba a san rumfar da za a nufa a kasuwa ba. Ni dai na goyi bayan Malama, ko da yake ban iya kawo wani sunan da zai maye gurbinsa ba, kuma shayin ya huce muna kan magana.

Da za mu watse, Baba ya mayar da faifan cikin kwalinsa, ya naɗe shi da tsohuwar jarida, ya miƙo mini. Ya kafa sharaɗi cewa kada in jingina shi kusa da taga inda rana za ta lanƙwasa shi, kuma in dawo da shi ranar zama na gaba. Nawa kuma ya ce in bar masa, tunda ba a gama jin sa ba. Na hau babur ɗin haya ina rungume da shi a ƙirji, ina ta roƙon mai babur ya bi a hankali har muka wuce Kwangila.