Kumburin da Muka Ɗauka Ƙiba Ce

Maigidana ɗan gwari ne a kasuwar Farar Gada da ke Jos. Kabeji, karas, koren wake, dankalin Turawa, a gabansa ake loda su a mota a yi Kudu da su, kuma da wuya ya dawo gida Unguwar Rogo hannu rabbana. Na fara da wannan ne don kada a ce babu ce ta jawo mana abin da ya faru. Mu ba masu kuɗi ba ne, amma tukunyarmu ba ta taɓa kwana a kife ba. Duk da haka ɗana na fari ya yi tamowa har sai da aka ba mu gado a asibiti.

Yana da wata 14 na gane ina da ciki. Kwanika ke nan, abin da mata ke zunɗe a gidan suna. Surukata Hajiya ta ce a cire shi daga nono maza, kada ya sha ciki. Washegari aka goya shi zuwa gidanta a Gangare, yaye. Ɗan fari ne, alkunya ba ta bari in kama sunansa, balle in riƙa zarya ina tambayar me ya ci. Sai in yi sati uku ban leƙa ba, in na je ma sai in kau da kai kamar ɗan maƙwabta.

Hajiya ba ta bar shi da yunwa ba, wannan zan faɗa a gaban kowa. Koko da safe, shayi da burodi da hantsi, tuwon masara miyar kuka da dare, tire ɗaya da jikoki huɗu da suka girme shi. Cikinsa kullum tim. Gudawa ta zo, aka ce haƙori ne. Ta tafi, ta dawo. Bayan wata uku ƙafafunsa suka ciko, kumatu suka yi ɓul-ɓul, Hajiya tana ta murna yaye ya karɓe shi. Ni ma na yi murnar a ɓoye. Gashin da ya koma ja-ja yana kakkaɓewa, da ƙin wasa, da kukan da ba ya ƙarewa, duk muka ɗora wa sanyin Jos da rigimar yaye.

Wata maƙwabciyar Hajiya mai aikin allurar rigakafi ce ta tsuguna ta danna saman ƙafafunsa biyu da manyan yatsunta, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Wurin ya lotsa kamar kwaɓin fulawa, ya ƙi tasowa. Ta ce, "Hajiya, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Don Allah a kai shi asibiti yau."

A can aka zagaya wani ɗan tef mai launi uku a damtsensa. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, sama da haka kore. Nasa ya tsaya a ruwan ɗorawa, har na fara ajiyar zuciya, sai Sista ta ce kumburin ƙafa biyu shi kaɗai ya isa a ce tamowa ce mai tsanani, ko me tef ya nuna. Ta kira ciwon kwashiyoko. Daga baya na san kalmar daga harshen Ga na ƙasar Gana ta fito, wata likita mai suna Cicely Williams ce ta shigar da ita rubutun likitoci a 1935, ma'anarta kuwa ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Ashe kakanninmu sun ga ciwon daidai, sanadin ne suka juya. Nonon mai ciki ba shi da guba. Fizge yaro daga nono a ɗora shi kan ruwan koko, shi ke kayar da shi.

Na zaci za a haɗa shi da nama da ƙwai da ƙarin jini. Sai aka kawo wata madara tsararo, F-75, a ɗan kofi, duk bayan awa biyu ko uku, har tsakar dare a tashe mu. Raina ya ɓaci, na ce wannan ai gara kokon Hajiya. Sista ba ta yi fushi ba. Ta ce jikin da ya daɗe a galabaice, zuciyarsa da hantarsa sun yi rauni, idan aka labta masa abinci mai nauyi lokaci guda yana iya tafiya. Ko maganin ƙarin jini ba a ba irin waɗannan yara a kwanakin farko. An ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta duk da jikinsa ba zafi, domin mai tamowa yakan ɗauki cuta ba tare da zazzaɓi ya tona ba. Ga shi Disamba ne. Wanda ya san hunturun Jos ya san abin da nake nufi. Hula, safa, bargo, in rungume shi a ƙirji bisa tulun cikina, domin sanyi kaɗai kan kashe su. A nan alkunya ta ƙare.

Kwana huɗu ma'auni yana yin ƙasa. Ruwan ya zube, sai ga ainihin yaron: haƙarƙari a waje, fatar ɗuwawu ta yi yaushi kamar ta tsoho. Na yi kuka ranar. Aka ce alamar sauƙi ce. A kwana na shida ya yi mini murmushi, ya miƙa hannu ya karɓi kofin da kansa.

An sallame mu da abincin tamowa na leda, wanda ake yi da gyaɗa da madarar gari da mai da sukari da bitamin. Leda ɗaya giram 92 ce, tana da kalori 500, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa. A nan na tafka nawa kuskuren. Gidan haya ne, yara sun zuba ido, abin kuma da daɗi. Wace uwa ce za ta ba nata ta hana na maƙwabta? Sai in lakata wa wannan, in lakata wa wancan. Sati na biyu nauyinsa bai motsa ba. Sista ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Maman yaro, ku nawa kuke shan maganin nan?" Tun daga ranar nake rufe ɗaki in ba shi, masu gulma su yi.

Abin da ya fi zama a kaina shi ne maganar girman ciki. Tumbin yaro ɗan shekara ɗaya bai fi kofin shayi ba. In ka cika shi da koko tsararo, ruwa ka ba shi da ɗan ƙamshin gero. Hatsi, doya da dankali ƙarfi suke bayarwa. Ginin tsoka da jini sai da wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama ko nono. Mai kuwa giram ɗaya kalori 9 ne, na hatsi kusan 4, shi ya sa cokali guda na manja ko man gyaɗa a kunu ba wasa ba ne. Kunun ma ya yi kauri yadda in aka karkata cokali ba zai zuba shar ba.

Na koma kasuwar Katako ina auno kayan garin kunu: gero gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Karon farko ban soya waken ya soyu ba, garin ya yi ƙarni, ya tofar, muka yi asarar kuɗin niƙa. Yanzu ina soyawa har ya yi ja, in ɓarza, in sheƙe dusar. Gyaɗa kuwa ɗaya bayan ɗaya nake tsince ta, duk wadda ta yi fumfuna in zubar, domin gubarta hanta take ci. In zan dama, in barbaɗa garin busasshen kifi ko na zogale.

Sai maganar karas, wadda har yau take ba ni kunya. Shekara da shekaru yana shigowa gidana, ni a wurina kayan soyayyar shinkafar Sallah ne, ragowar a ba akuya. Ashe shi da manja da hanta da alayyafo ke ba jiki bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, ya kuma bar yaro ba garkuwa gaban ƙyanda da gudawa. Gwaten acca da muke raina wa a matsayin abincin marasa hali, in ya ji ganye da wake da ɗan mai, ya fi burodi da shayi nesa ba kusa ba. Shayin ma hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yake yi in an sha shi tare da abinci, lemon zaƙi kuma taimakawa yake. Ni kaina da aka auna jinina ya yi ƙasa, ga ƙwayoyin ƙarin jinin awon ciki na jibge a ƙarƙashin katifa wai suna tayar mini da zuciya.

Na kuma raba shi da tiren taro. Cikin yara biyar, ƙaramin miya kawai yake lasa. Kwanonsa daban, ina zaune ina kallon abin da ya shiga.

Ya warke, alhamdulillahi, yana aji biyu yanzu. Amma in sun jeru da sa'o'insa shi ne gajere, kuma an gaya mini tsayin da yaro ya rasa kafin ya cika shekara biyu da wuya ya dawo duka. Ƙanwarsa nono zalla ta sha wata shida, ko ruwa ban ba ta ba, duk da surutun da na sha, kuma a ɗakina na yaye ta.

Ƙwai ne muka fi daɗewa muna ja da Hajiya. Ita a saninta yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama. Ban yi musu da ita ba, wa ya isa. Ina dai dafawa a gidana. Ran nan muka je gaishe ta, sai na tarar ta ɓare guda biyu tana tura masa a baki da hannunta. Ta ɗago ta harare ni ta ce, "Ke 'yar nan, ranar da ya yi sata, ƙofarki zan nuna wa masu kaya."