Gwangwanin tara da na tarar a aji ɗaya

Ranar da aka danƙa mini aji ɗaya na firamare a wata makarantar kuɗi da ke cikin garin Bauchi, abu biyu shugaban makarantar ya miƙo mini: rajista, da wani gwangwanin madara da aka huda murfinsa. Ya ce, "Malama, nan ba a yin Hausa. Duk wanda kika ji ya yi, naira goma ce." Na karɓa da hannu biyu. Lokacin ban daɗe da gama NCE ba, kuma ni ma haka aka yi mini ina ƙarama, don haka ban ga laifin abin ba.

Yara 38 ne a ajin, 'yan shekara biyar zuwa shida. Cikin mako biyu suka yi tsit. Duk wanda ya wuce ta taga sai ya yaba mini, wai na iya riƙe aji. Ina rubuta A, B, C a allo, suna bi na da waƙa har Z, su kwafe a littafi da rubutu mai kyau. Amma in na nuna harafi ɗaya daga tsakiya, sai an koma tun daga farko an rero waƙar kafin a iso shi. Wata rana wata yarinya ta jiƙa kayanta a zaune. Da na ja ta gefe na tambaye ta da Hausa me ya hana ta neman izini, sai ta ce cikin kuka, "Malama, na manta yadda ake faɗa da Turanci, kuma ba ni da naira goma." Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Abin da ya fara buɗe mini ido ba a littafin koyarwa na same shi ba. Da yamma nakan raka ƙanena makarantar allo, sai na tsaya ina kallon yadda malam yake bi da ƙanana. Babbaƙu tukuna, a san kowane harafi da kamanninsa, sannan farfaru, a ɗora wasali a ji yadda sauti ke canjawa. Ba a tsallake mataki, kuma duk bayanin da Hausa yake yi, alhali Larabci ake koyo. Na ce a raina, yaran nan ai sun riga sun san yadda ake shiga baƙon harshe. Wasunsu ma Fulatanci suke yi a gida, Hausa a layi, Larabci a Islamiyya. Turanci shi ne na huɗu, kuma shi kaɗai muka ce sai an toshe sauran kafin ya shiga.

Na je na sami shugaban na roƙe shi ya ba ni zango ɗaya in gwada wata hanya. Bai so ba, domin iyaye Turanci suke biya wa kuɗi. Na tuna masa cewa manufar ilimi ta ƙasa ta wancan lokacin, tun daga ta 1977, cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. Na kawo masa gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Ya yi shiru, sannan ya ce in gwada, amma in sakamako ya faɗi ni zan amsa wa iyaye.

Na ajiye alli na kusan wata guda. Kunne da baki muka fara gyarawa. In ce "stand up" in miƙe, su miƙe. In ce "touch your nose" in taɓa hancina. Na kawo kofi, cokali, tumatir, albasa da takalmin roba daga kasuwar Wunti, muka kafa shago a kusurwar aji, ana saye da murafan kwalba. Wanda ya kakare ya faɗa da Hausa, ni in maimaita masa da Turanci, ya bi ni, a wuce. Minti goma ne iyakar abin da ɗan shekara biyar zai ba ka a kan abu ɗaya, bayan nan sai waƙa ko tafi.

Inda na fi shan wuya, kuma na fi jin daɗi, shi ne sautuka. Turanci harafi 26 gare shi amma sautukansa sun kai 44, kuma wasu babu su a bakin Bahaushe. Mu ba mu raba p da f, shi ya sa "pan" da "fan" duk ɗaya suke a kunnen yaro. Tsawa ba ta gyara wannan. Sai na yanka takarda siri-siri, kowa ya riƙe tasa a gaban baki: a rufe leɓe a sake iska, takarda ta yi tsalle, wannan p ke nan. Ga f kuwa, haƙoran sama su hau leɓen ƙasa, muna duba ƙaramin madubi. A nan ne wata 'yar Fulani da ba ta cika magana ba ta zama malamarmu, domin a harshensu akwai p, kamar a "puccu", wato doki. Ita ta riƙa bi benci-benci tana nuna wa sauran, kuma tun daga ranar bakinta ya buɗe.

Haka kuma harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, dole mu cusa wasali, shi ya sa muke da burodi da fulawa. Yaro zai ce "sukul" da zuciya ɗaya. Sai mu yi kukan maciji, ssss, mu ja shi, sannan mu faɗa kan sauran kalmar. Wanda ya fara karanta boko da Hausa kuwa, in ya ga "cat" zai karanta c ɗin kamar ta cokali. Ba kuskuren sakarci ba ne, ƙa'idar da ya sani ya bi, kuma in ka gaya masa haka da Hausa sau ɗaya, ya riƙe. Da muka zo karatu ban bi jerin A, B, C ba. Na fara da s, a, t, i, p, n kamar yadda Jolly Phonics, wani tsarin koyar da karatu ta hanyar sautuka, ya jera, domin da waɗannan shida kaɗai yaro zai haɗa "sit", "pin" da "tap" da kansa.

Wani uba ya zo da fushi, ya ce ɗansa ya gaya masa ana Hausa a aji. Na ce, "Alhaji, don Allah zauna ka ga abu ɗaya." Na rubuta kalmar da yaron bai taɓa gani ba, ya bi ta sauti-sauti da yatsa har ya fitar da ita. Na ce masa, a garin nan kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, mutumin da har Ingila aka yaba Turancinsa, malamin makaranta ne a nan Bauchi, kuma da Hausa ya rubuta littafinsa. Alhaji bai ce na yi daidai ba, amma bai cire yaron ba.

Har yanzu akwai abin da ya gagare ni. Sautin farkon "three" yana komawa s da zarar sun fita tara, kuma ba su daina ce wa tebur "he" ba, tun da a Hausa komai ko shi ne ko ita. Gwangwanin yana nan a kan teburina. Murafan kwalba ne a ciki yanzu, kowanne da harafi a bayansa, kuma da safe rige-rige ake yi a kan wanda zai zazzage su.