Abin da tsara fasta ya koya mini a Gusau

Zaɓe biyu suka same ni a gaban kwamfuta a wani shagon buga takardu a Gusau, na 2019 da na 2023. Aikina tsara fasta. Ɗan takara zai turo yaronsa da hoto, a ce in gyara zaman hula, in haska fuska, in ƙara girman suna. Tambarin jam'iyya kuwa, sai in matse shi can ƙasa a kusurwa, don ba wanda ke tambayarsa.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta nuna mini kuskurena. Ranar zaɓen gwamna, 18 ga Maris 2023, ta dawo daga rumfa ranta a ɓace, yatsanta da tawada. Ta ce, "Ɗana, mutumin nan da ke jikin bangonmu, na duba takardar sama da ƙasa ban gan shi ba." Gaskiyarta. Takardar ƙuri'ar INEC ba ta ɗauke da fuskar kowa, alamomin jam'iyyu ne jere: tsintsiya, lema, da sauransu. Wata da watanni tana kallon fuskar da na ɓata dare ina gogewa, amma abin da za ta dangwala wa ban nuna mata shi yadda ya kamata ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin ƙuri'arta ce, kuma da sassafe ta fita ta bi layi.

Rayuwar fasta gajera ce. Samari su dama sitaci a bokiti, su fita bayan isha'i su lilliƙa, kafin asuba 'yan wancan ɓangaren sun manna nasu a kai. Wanda ya tsira, akuya ta ɓalle gefensa saboda sitacin, ko iskar hunturu ta ɗaye shi. Ɗauri guda da aka ce a kai ƙauye, na taɓa ganinsa wajen mai ƙosai tana naɗe wa yara. Ƙauyukan da rashin tsaro ya sa mota ba ta shiga, rediyo da bakin mutane ne ke isar musu da labarin ɗan takara.

A 2019 fastocin APC sun rufe gari, sun kuma ci zaɓe, amma a watan Mayu Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'unsu saboda batun zaɓen fidda gwani, Bello Matawalle na PDP ya hau kujerar gwamnan Zamfara. A 2023 shi ke kan mulki, hotonsa ko'ina, Dauda Lawal ya kayar da shi. Ni dai ban taɓa jin wanda ya ce bango ne ya sauya masa ra'ayi ba.

Duk da haka ba na cewa asara ce zalla. Ɗan takarar da ba a ga hotonsa ba, a majalisar mai shayi za a fara cewa ya janye, ko an saye shi. Fasta na shaida cewa mutum yana nan daram. Kuma mu da samarin liƙi muna cin abinci da ita, in an biya. Maigidana har yau yana bin wasu da suka faɗi zaɓe bashi.

Yanzu duk wanda ya kawo aiki, tambarin jam'iyya nake fara ɗorawa, babba, da hoton yatsa a gefensa. Wani yaron ɗan takara ya taɓa cewa, "Malam, ai ka rage wa oga fuska." Sai na ba shi labarin dattijuwar nan, ya yi shiru, ya ce a buga haka.