Tsakanin Yen da Yuan: Yadda Muke Zaɓar Kayan Babur

Sana'armu a Kano ita ce gyaran injin babur da sayar da kayansa, kuma duk wanda ya daɗe a cikinta ya san cewa takun saƙar da ake yi kan kuɗi tsakanin Japan da ƙasar Sin ya iso har cikin shagunanmu. Lokacin da nake yaron shago, Honda da Yamaha da Suzuki ne ke cin kasuwa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda a ɗaura fistin sai ya shafa shi da yatsa, ya ɗaga zoben da ke zagaye da fistin ɗin ya duba a hasken rana, sannan ya zura shi a silinda ya ji ya zauna daram, ba tsauri ba sako-sako.

A shekarun da Sin ta ɗaure kuɗinta a kan kusan yuan 8.28 kowace dala, har zuwa Yulin 2005, mahukuntan Japan sun yi ta kukan cewa an danne darajar yuan ne domin kayan Sin su yi araha. Mu abin da muka gani shi ne babur ɗin Jincheng na Sin ya karɓe titi a hannun 'yan acaɓa. A 2011 kuma yen, kuɗin Japan, ya yi tsadar da dala ɗaya ta koma wajen yen 75, kayan Japan na asali suka gagari talaka, kuma a shekarar ce Honda ta fito da babur ɗin Ace CB125 a Najeriya, tana haɗa shi da sassan da ta samo daga Sin don ta iya gogayya a farashi. Ko da yen ya faɗi har 160 kowace dala a 2024, faɗuwar naira ta cinye sauƙin.

Ba na kushe kayan Sin, domin akwai masana'antunsu masu aiki mai nagarta, kuma muna sayar da kayansu da sunansu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dilan da zai kawo jabu a kwali mai tambarin Japan, sannan mai babur ya zo yana ciniki da farashin jabun, alhali zoben zai fara shan baƙin mai yana hayaƙi tun kafin damina ta wuce. Shi ya sa kowane kwali da ya shigo sai na buɗe shi da hannuna, na auna fistin, na duba sumul ɗin ƙarfen, kafin yarana su jera shi a kanta.