Laraba, gindin darbejiya

Wuta ta ɗauke tun kafin mu gama shan koko, sai na kwashi takarduna na koma gindin darbejiya. Iska mai daɗi. Auta ta kawo mini gyaɗa.

Nan Yaya ya same ni ina karanta Advaita, falsafar nan ta Indiya da Shankara, mutumin Kerala, ya shahara da ita wajen ƙarni na 8. Ya tambayi ma'anar kalmar, na ce "ba biyu ba". Sai ya ce, "Ai su ne masu cewa su kaɗai ke duniya, kowa mafarkinsu ne. Girman kai ne aka ɗinka wa riga." Na ce, "Yaya, ba haka ba ne." Ya ce to yaya ne? Bakina ya mutu. Ya ɗauki mukullin babur ya fita.

Har la'asar abin yana cina, don amsar tana hannuna. Mai cewa shi kaɗai ne yana riƙe da kansa gam, da sunansa da tunaninsa, sauran mutane yake gogewa. Shankara kuwa wannan "ni" ɗin mai suna da jiki shi yake fara tuhuma. A wurinsa hakika ɗaya ce, Brahman, kuma yadda take a cikina haka take a cikin Yaya, ban fi shi kusa da ita ba. Har raddi ya yi wa wasu malaman addinin Buddha da suka ce babu komai a wajen tunani, ya ce ganin farke daban yake da mafarki.

Da na tuna, da na kawo masa misalin da ya sani. Fir'auna ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka. Hallaju, sufin da aka kashe a Bagadaza a 922 miladiyya, ya ce "Anal Haƙƙu", wato "Ni ne Gaskiya", ɗaya daga sunayen Allah. Sufaye na cewa na farko kansa ya kumbura, na biyu kansa ya ɓace. Ba ina goyon bayan maganar Hallaju ba ne, malamai da dama sun yi tir da ita. Amma haɗa su a kwando ɗaya rashin adalci ne, kuma irinsa Yaya ya yi.

Magariba. Tarin Inna ya dawo, ina jin sa ta bango. Na tashi na dafa mata citta da kanumfari, na zauna kusa da ita har ta yi barci.

Yaya bai dawo ba sai bayan isha'i. Na ajiye masa tuwo. Ban tada zancen ba, kuma har yanzu yana nan a maƙogwarona.