Godiya bayan makon horaswa kan garin ƙarfe da liƙa tangaran da ƙarfe

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an kammala horaswar kwana biyar da ɗakin gwajinmu ya shirya kan sarrafa garin ƙarfe, kuma kowa ya koma gida lafiya. A madadin masu bincike da ɗalibai, muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu. Za mu ɗan tsawaita, domin wasu ayyukan sai an fayyace su kafin a san nauyinsu.

Godiya ta farko ga malaman da suka jagoranci haɗa garin alminiyam da na silikon kabaid, wani tangaran mai tsananin tauri. A takarda abin kamar dama fura ne, a gauraya, a matse, a gasa. Amma kowace ƙwayar alminiyam tana sanye da siririyar fatar oksaid, wato haɗuwar alminiyam da iskar oksijin, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2000 a ma'aunin Celsius, alhali shi alminiyam ɗin yana narkewa a 660. Idan ba a fasa wannan fata ba, ƙwayoyin za su kwana a tanderu ba su kama juna ba. Shi ya sa aka zuba magnesiyam, tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin ɗari, domin ya ci fatar ya tsattsaga ta, sannan aka yi gashin a wajen digiri 600 cikin busasshiyar iskar naitirojin. Laima kaɗan a cikin iskar ta isa ta mayar da aikin baya.

Muna kuma gode wa malamar da ta dage sai an fara gasa garin silikon kabaid shi kaɗai a sararin iska, a digiri 1000 zuwa 1100, kafin a gauraya. Wasu sun ga kamar ɓata wuta ne. Dalilinta shi ne, in alminiyam ya narke ya taɓa silikon kabaid tsirara, sai a samu alminiyam kabaid a tsakaninsu, shi kuwa ba ya shiri da ruwa. Samfurin zai fito sumul, a auna a yi murna, sai damina ta sauka a tarar yana ruɓuɓɓushewa a cikin durowa. Fatar silika, wato oksaid na silikon, da gashin farko ke samarwa a kan ƙwayoyin silikon kabaid, ita ke shiga tsakani.

Ga Baba mai injin tona, wato injin feƙe ƙarfe, wanda ya ƙera mana mazuban matsa gari, Allah ya ƙara wa hannu albarka. Mazubi in cikinsa bai yi santsi ba, samfurin yana tsagewa faifai-faifai lokacin turo shi waje, musamman da yake ana matsawa da ƙarfin megafaskal (ma'aunin matsi) 200 zuwa 400. Nasa sun fitar da kaya lafiya. Tuni dai ga ɗalibai: kakin da ake sa wa gari don ya zame, kimanin kashi 1 zuwa 1.5, sai an ƙone shi a hankali a wajen digiri 400 kafin a ɗaga wuta, in ba haka ba samfurin ya kumbura ya yi ƙuraje.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne liƙa tangaran na alumina, wato oksaid na alminiyam, da ƙarfe, kuma a nan ne ma'aikatan tanderu suka cancanci godiya ta musamman. Haɗin azurfa da jan ƙarfe da ake yin liƙin da shi, kashi 72 da 28, yana narkewa a digiri 780, amma a kan alumina dunƙulewa yake yi kamar ɗigon ruwa a kan ganyen gwaza. Sai an sa masa taitaniyam ɗan kaɗan, daga kusan kashi 2 zuwa 4.5 gwargwadon irin haɗin, yake bazuwa ya kama, domin taitaniyam ɗin yana fizgar oksijin daga fuskar tangaran ya gina siririn shimfiɗi da zai riƙe ɓangarorin biyu. Matsalar ita ce kwaɗayinsa ba ya zaɓe. In akwai oksijin a cikin tanderu, shi zai fara ci, liƙin ya yi duhu ya ƙi bazuwa. Naitirojin ɗin da ya yi mana rana a gashin alminiyam ma a nan abokin gaba ne. Don haka ake zuƙe iskar tanderun sosai, a wanke kayan da asiton, ruwan sinadari mai cire maiƙo, a daina taɓa su da hannu, a kai zafi wajen 830 zuwa 850, a tsaya minti 5 zuwa 10 kawai. Aka wuce haka shimfiɗin ya yi kauri ya zama mai saurin karyewa.

Sai sanyaya, wadda ita ce ainihin jarrabawar. Ƙarfe marar tsatsa yana tsukewa fiye da ninki biyu na alumina. Daga inda liƙin ya daskare zuwa zafin ɗaki, bambancin ya kai kusan kashi 0.7 cikin ɗari, wato kimanin milimita 0.14 a haɗin da faɗinsa milimita 20 ne. A ido ba komai ba ne, amma tangaran ba ya miƙewa. Sai ka ga tsaga ta taso daga gefe ta lanƙwasa kamar ƙwarya a cikin tangaran ɗin, liƙin kuwa yana nan daram. Maganin shi ne a sauko a hankali, digiri 5 ko ƙasa da haka a minti, a sa siririn jan ƙarfe a tsakani ya shanye jan da tsukewar ke yi, ko a yi amfani da Kovar, haɗin baƙin ƙarfe da nikel kashi 29 da kobal kashi 17, wanda tsukewarsa ta yi kusa da ta alumina. Shi ma yana da halinsa, don nikel ɗinsa yana satar taitaniyam. A daren da wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukowa, ma'aikatan nan da mai kula da janareta ne suka rufe bawul kafin iska ta koma ciki, suka tayar da inji, suka zauna a gaban allon har asuba. Ba mu da abin biyansu.

Godiya ga jami'in tsaro na ɗakin gwaji da ya ajiye bokitan busasshen yashi a kowace kusurwa, ya kuma maimaita wa kowa cewa gobarar garin alminiyam ba a zuba mata ruwa. Godiya ga masu shara da suka hana ƙurar hunturu sauka kan kayan liƙi, da iyayenmu mata masu abinci, da direban da ya yi ta jigilar tukwanen iska.

Mahalartan da suka bar samfuransu, suna cikin kwalaben da ke hana laima, kowanne da lambarsa. A zo a auna nauyinsu a iska da cikin ruwa kafin a yanka, don a gano nauyin kowace santimita kubik. Wanda ya sa silikon kabaid kashi 10 ta fuskar girma, ya kwatanta abin da ya samu da giram 2.75 a kowace santimita kubik, gibin shi ne ramukan da suka rage. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa albarka a abin da aka koya.