Jikin da ke ƙarƙashin babbar riga

Littattafan koyon zane da suka zo hannuna duk da tsokar jiki suke farawa, ƙirji a waje, kowace jijiya a bayyane. Mu kuwa a Katsina, wanda zai zauna maka ka zana shi cikin babbar riga zai zo, ko kaftani har idon sawu. Mace kuma cikin hijabi ko mayafi. Jikin a ɓoye yake, sai ka nemo shi.

Da awon kai nake farawa. Tsayin babban mutum yakan kai tsayin kansa sau 7 da rabi, jariri kuwa kamar 4 ne. Nakan miƙe hannu da fensir, in rufe ido ɗaya, in sa bakin fensirin daidai saman kan mutumin, babban yatsa kuma daidai haɓarsa, sannan in riƙa saukowa da wannan awo har ƙasa. Hula da rawani ba sa cikin lissafi. In ka haɗa da su, duk mutumin zai fito gajere. Gwiwar hannu tana daidai ƙugu, yatsu kuma suna sauka tsakiyar cinya. Tun wajen 1490 Leonardo da Vinci na Italiya ya nuna cewa faɗin hannayen mutum in ya ware su kusan daidai yake da tsayinsa, kuma zaka ga haka da idonka duk lokacin da dattijo ya buɗe hannu zai naɗe rigarsa a kafaɗa.

Kafin in taɓa riga, sai na zana ƙwarangwal da fensir HB, layi siriri wanda kilina za ta ɗauke ba tare da ta ci takarda ba: kafaɗu, ƙashin baya, ƙugu, gwiwoyi. Tufa rataye take a jikin waɗannan wurare, daga nan kowane ninki ke tasowa. Wani dattijo mai goro a unguwarmu ne ya fara yarda ya tsaya mini. Na ce, "Baba, don Allah ka tsaya yadda ka saba, kada ka gyara." Ya ce, "To ɗana, bismilla." Da ya jingina nauyinsa a ƙafar dama, sai ƙugun dama ya ɗaga, kafaɗar dama ta sauka, rigar duka ta zube gefe ɗaya. Da na sauko da layi daga ramin wuyansa, a idon sawun wannan ƙafar ya dira. Ƙafar ma ba na ganinta sosai, rigar ce ta gaya mini inda take.

Su kansu tufafin halinsu daban-daban. Shaddar da ta sha bugu karyewa take yi, ninkinta mai kusurwa ne kamar takardar da aka dunƙule aka sake buɗewa, ga ƙyalli, don haka nakan bar farin takarda a wurin haske in danna fensir 4B, mai baƙi sosai, a cikin lungun ninki. Yadi mai laushi bin jiki yake yi, fensir 2B, wanda bai kai 4B baƙi ba, ya ishe shi. Aikin wuyan riga kuwa ba na bin sa zare-zare, alamarsa kawai nake yi, in ba haka ba sai ya janye ido daga fuska.

Akwai waɗanda ba sa son zanen abu mai rai saboda addini, kuma ina girmama su. Shi ya sa ko a bakin Ƙofar Soro ta fadar Sarkin Katsina ko a kasuwa, ba na zana fuskar kowa sai da yardarsa.

Yanzu mafi yawan lokacina hannaye da ƙafafu ke cinyewa, tunda su da fuska ne kaɗai tufa ta bari a waje. Tafin hannu da yatsu tsayinsu daga haɓa ne zuwa kusan inda gashi ya fara a goshi, ya fi yadda ido ke zato girma. Nakan fiƙe fensir da reza ya yi tsini sosai, in zana dunƙulen hannun tukuna, sannan in raba yatsu. Hannun da ke jan carbi shi nake fama da shi a kwanakin nan, domin babban yatsa da manuni ba sa tsayawa wuri ɗaya.